Farin Zanen da Na Kai wa Hanya

Zanen nan nawa, ceton maigidana ya yi, ko kuwa shi ya kai shi kabari? Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffin da suka ga abin da idonsu tun suna da rai, na tambayi kaina ina daka ina tankaɗe har ƙarfin dakan ya ƙare mini, ban sami amsa ba. Yanzu ido ya tafi, haƙora sun bi shi, jikokina ma sai na bi sunayensu ɗaya-ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma ranar da na tsaya a bakin hanyar Nasara naɗe da farin zane, duk mazan gari suna kallona, wannan kam mantuwa ta ƙi ɗaukarta. In na tuna sai dariya ta zo, ba ta kai ƙarshe kuka ya karɓe. Ba na ɓoyewa. Wanda kukan tsohuwa ke damunsa ya tashi ya ba ni wuri.

Ni 'yar Dumega ce. Aure ya kawo ni wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, a bakin hanyar da Nasara ya sa aka fasa wa motocinsa. Sunan maigidana ban faɗa ba yana raye, ba kuwa yau zan fara ba. Shi ne wanda sarkin garin ya ɗora a kan samarin aikin tilas, domin a zamanin kowane gari da yankin hanyarsa: ku cike ramuka, ku kwashe yashi, ku jera duwatsu a gefe, ba a biyan kowa sai da zagi. Yankinmu kuwa shi ne mafi mugunta. Hanya ta gangaro daga tudu a miƙe, tana fuskantar yamma, sai ta lanƙwashe farat ɗaya ta yi dama, a gabanta kuma kwazazzabo ne mai zurfin da in akuya ta faɗa sai dai a nemo wuƙa. Gwiwa muke ce wa wurin.

Kafin a kawo ni, wata kamiyo, babbar motar kaya, ta gangaro da gyaɗa ta zarce cikin kwazazzabon. Mutanen bariki suka ce shofer ne, wato direban, bai ga lanƙwasar ba. Surukata, wadda nake kira Inna, ta ce ƙarya suke. A wurin akwai wata tsamiya da Doguwa ke zaune a ciki tun kakanni, Nasara ya sa aka sare ta don hanya ta wuce. Ka rushe wa iska gida, ka bar ta ba inuwa ba sutura, sa'an nan ka yi mamaki don ta ture maka mota? A lokacin salla ba ta gama zama a garinmu ba, kuma maganar Inna a kan iskoki ba mai ja da ita. Ni ma na yarda. (Har yanzu ma ban ce ƙarya ta yi ba, Allah ya yafe mini.)

Ina amarya, lalle bai gama fita daga ƙafata ba, aka kwashe mazan gari aka kai su fasa dutse can gindin tsauni, nesa da gida, a can suke kwana. Wata safiya muna daka a ƙofar gida sai ga gardi, ɗan sandan Nasara, a kan doki, da jar hula da bulalar fatar dorina, ya ɗauro wani ɗan buhu a bayan sirdi. Mutumin ƙasar Bambara ne, Hausarsa a bariki ya tsince ta. Ya tambayi gidan shugaban masu aikin hanya, mata suka nuna ni da taɓarya. Bai ko sauka ba.

Ya ce, "Kumandan zuwa jibi. Gwiwa babu zane. Kumandan so zane fari. Faɗi, faɗi." Ya ware hannuwansa har dokin ya tsorata. "In babu zane, miji naka zane."

Ya kaɗa bulala, ya jefo buhun a gabana, ya juya.

To a nan fa. A bakin Bahaushe, zanen ɗaurawa daban, zanen da ake ja a jikin bango ko ƙwarya daban, zane mutum da bulala kuma daban. Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba yana jin bambancin a murya. A bakin gardin nan kuwa duk ɗaya suke, kamar an taka su da ƙafa. Abin da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, ke nufi, a shafa wa duwatsun Gwiwa farar ƙasa, a ja musu farin zane mai faɗi yadda shofer zai hango lanƙwasar tun daga nesa. Buhun nan farar ƙasa ce irin ta Nasara. Zanen ƙarshe na gane shi sarai, don bulala ba ta bukatar tafinta. Na farkon ne ya kashe ni.

Mata suka bar turame suka kewaye ni. Inna ta zo tana dogara sanda, ta sa na maimaita maganar gardi. Tana jin farin zane, tana jin Gwiwa, sai ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda aka daɗe ana ƙaryatawa.

Ta ce, "To, Nasara ya ji jiki. Wani ya gaya mishi gaskiya. Wa ka son farin zane a Gwiwa in ba mai Gwiwa ba?"

Aka kwance buhu. Inna ta dangwala yatsa, ta murza, ta sansana, ta yanke hukunci: alli ne, irin wanda muke shafa wa yatsu in za mu murza mazari. Wato Nasara ya aiko da alli don mu yi kaɗi, a saƙa wa Doguwa zane. Dubi yadda magana ta zauna daram. Nan take aka raba, kowace mace ta kawo 'yar sakaina ta ɗiba, buhun da ma bai fi cikin ƙwarya guda ba. Kafin rana ta yi tsaka duk garin ana kaɗi, kafin la'asar duk garin ana hura yatsu, fata ta fara ɗayewa. Inna ta ce allin Nasara ne, dole ya fi namu zafi.

Wata mai ɗan hankali a cikinmu ta ce a aika wa maza. Inna ta ce, "Mi maza sunka sani ga sha'anin Doguwa? Su dai su fasa dutse." Wata kuma ta ce ko duk matan Arewa suka taru ba za a kaɗa zare, a saƙa, a ɗinke kafin jibi ba.

Ba wanda ya tilasta ni, kada a ɗora wa matattu laifi. Tun zuwana matan garin ke tsokanata, wai 'yan Dumega 'yan fadama ne, ba abin da muka iya sai shan rake da tofar da ɓawo. Ga bayan mijina a ƙarƙashin bulala, ga dama in nuna musu. Na miƙe, na ce ina da zane.

Ina da shi kuwa. Uwata ta kaɗa zarensa da audugar gonarta, kawuna ya saƙa, aka yi ta haɗa ƙyallaye har ya yi faɗin da ba irinsa a kayan amaren shekarar. An yi shi da faɗi ne saboda ni: tun ina yarinya doguwa ce, siririya kamar karan dawa, zanen mutane a gwiwa yake tsaya mini. Ban taɓa ɗaura shi ba, na ajiye sai ranar sunan ɗan fari. Da na ɗauko shi na ware, har masu tsokanata sai da suka matso suna shafawa. Na ji kaina ya yi girma. (Kai ya kan yi girma ne in ba komai a ciki, wannan ni na gano shi da kaina a ranar nan.)

Ranar zuwan kumandan na tashi da hantsi, zane a ka, ƙwaryar nono a hannu, domin Inna ta ce ba a zuwa wa Doguwa hannu rabbana. Ita ƙafa ta hana ta, sauran matan kuwa kowace ta tuna tana da aiki. Ni kaɗai na tafi. Na sare itace biyu na kalgo, na kafa a bakin kwazazzabo daidai inda hanya ta lanƙwashe, na ɗaure zanen a tsakaninsu. Na ja da baya na duba. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau, fari fat a kan jar ƙasa. Na durƙusa na ajiye nono, na faɗi gaisuwar da Inna ta koya mini, na roƙi mai wurin ta karɓi sutura ta bar motoci su wuce, ta kuma bar bayan maigidana lafiya.

Ban rufe baki ba iska ta taso daga kwazazzabo, ba iskar Inna ba, iskar Allah mai kaɗa ganye. Ta tuge itace guda. Na kafa, ta tuge ɗayan. Sai ga kukan mota daga kan tudu. Na ce a raina in kumandan ya tarar da zane a ƙasa ai daidai yake da babu. Na kama bakin zanen, na hau wani ƙaton dutse a gefen hanya, na ɗaga hannuwa sama iyakar tsawona don a gani da kyau. Iska ta juyo ta naɗe ni da shi tun daga ka har ƙafa. Ban ga komai ba sai fari. Na ji ƙarar birki, na ji tsakuwa na watsuwa, na ji wani abu ya bugu, sai shiru.

Da ƙyar na fito da ido ɗaya. Motar kumandan ta tsaya a karkace can baya, nesa da ni ƙwarai. Nasara yana riƙe da goshi, malafarsa mai kama da ƙwarya tana gangarawa a kan hanya, ta wuce ni ta faɗa kwazazzabo. Shofer kuwa, wani mutumin ƙasarmu, ya dire ya ɓuya bayan mota, kansa kaɗai ake gani. Daga can ya ce, "Doguwa ce?"

An hore ni da in babba ya yi tambaya in ba shi amsa. Na ce, "I, tun ina yarinya haka nike."

Mutumin nan bai tsaya jin sauran ba. Ya yanki daji yana salati yana haɗawa da kirarin bori, duk wanda ya amsa masa.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Ashe mazanmu suna tafe a kan hanyar, an sallamo su daga fasa dutse don su tarbi kumandan, motar ta wuce su a kan tudu. Daga gari kuma ga sarki da dattawa sun fito tarba, cikinsu har da surukina, mutumin da tun zuwana ban yarda mun haɗa ido ba, in na hango shi a hanya sai in ratse cikin gona. Duk suka taru a Gwiwa. Ni kuwa ina kan dutse, na kasa sauka don zanen ya ɗaure mini ƙafafu, nono ya kife, kare ma ya zo yana lasa.

Tafinta ya fito daga mota, wani ɗan lakkol, makarantar Nasara, mai wando tsukakke, ya matso a hankali yana leƙe. Da ya ga ƙafata da sauran lalle sai ƙarfinsa ya dawo.

Ya ce, "Ke, ɗiyar wa ce? Mi kike yi nan?"

Na ce, "Zanen da kumandan ya ce na kawo."

"Wane zane?"

"Fari, mai faɗi. Gardi ya ce faɗi har sau biyu. Ku auna, ba irinshi a garin ga."

Da ƙarfi na faɗa, don dattawa su ji. Ina jiran a ce madalla da 'yar Dumega.

Tafinta ya dube ni, ya dubi duwatsun Gwiwa da ko ɗigon fari babu a jikinsu, ya dubi gardi wanda ya iso a kan dokinsa. Sai ya dafe ciki ya durƙusa yana dariya. Da ya samu numfashi ya ce, yadda kowa zai ji, "Zanen dutse anka ce, amarya. A zana duwatsu. Ina farar ƙasar da anka aiko?"

Na ce, "Allin? Mun raba, mun yi kaɗi da shi." Na fito da hannu daga cikin zane na nuna yatsuna da suka ɗaye, wai shaida.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar nan ba. Samarin da suka yi kwanaki suna fasa dutse da yunwa suka zube a hanya suna birgima. Sarki ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Surukina ya juya baya yana kallon gabas kamar an aike shi ƙirga gajimare. Na roƙi kwazazzabo ya matso ya haɗiye ni, ya ƙi.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba, gardi da maigidana. Gardi ya sauko yana zagi da harshensu, ya warware bulala. Maigidana bai dube ni ba, bai ce ba a gaya masa ba, bai ce laifin mace ne ba. Ya tuɓe 'yar taguwarsa, ya ninke, ya ajiye a kan dutse, ya kwanta rub da ciki a tsakiyar hanya. Bayan nan nasa duk ƙujewar dutse. A nan kunya ta sake ni. Amaryar da ba ta iya ɗaga kai gaban suruki, sai ga ta a kan dutse tana cewa, "Ni anka ba saƙo, ba shi ba. In zane za a yi, ni za a zane."

Tafinta ya juya wa kumandan maganar, har da zane iri uku, yana nunawa da hannu: ga na ɗaurawa, ga na dutse, ga na bulala. Nasara ya yi dariya har ya manta da goshinsa, hawaye na bin jan fuskarsa. Ya ɗaga hannu, gardi ya sauke bulala.

Aka je aka kamo shofer daga cikin sabara. Kumandan ya sa aka tambaye shi daga ina ya hango ni. Ya ce tun daga kan tudu, tun motar ba ta fara gangara ba. Aka ce to duwatsun fa, lokacin da suke da ɗan fari a jikinsu? Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanga ba a ganinsu sai an zo kansu." Da kunnena na ji, da idona na ga tafinta ya juya masa. Nasara ya gyaɗa kai. Na ce to, ko ba komai ya gane faɗi ke sa a gani.

Ga abin da ya gane. Ya ce mijin mace irin wannan bai kamata a raba shi da Gwiwa ba, daga yau shi ne kantoniye na wurin, wato mai tsaron hanya da gyaranta, an ɗauke masa aikin tilas, za a riƙa ba shi ɗan albashi. Ya faɗa yana dariya, kamar mai ƙarasa wasa. Sa'an nan ya sa aka warware zanen daga jikina, a gaban surukina, aka ninke aka sa masa a mota, wai zai nuna wa abokansa. Zanen uwata. Ba a tambaye ni ba, ba a ce na gode ba. Samari uku suka gangara kwazazzabo suka ɗauko masa malafa, ya tafi.

Garin ya ce na jawo wa mijina arziki da wauta. Sunana kuwa ya ɓace, na zama Doguwar Gwiwa. In na je rijiya sai wata ta ce, "Amarya, rijiya ma tana jin ɗari, ko da saura a gida?" Inna ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba, ta ce mota ta tsaya ko ba ta tsaya ba? To Doguwa ta karɓa. Maigidana bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba, ko sau ɗaya. Sai dai in ina zuba masa tuwo ya ga malmalar ta yi ƙarama, ya ware hannuwa ya yi muryar gardi, "Faɗi, faɗi, ɗiyar Dumega." In jefe shi da mara, ya cafe.

Muka tashi muka kafa gida kusa da Gwiwa, domin aikin ya ce a kwana kusa da hanya. A nan na haifi 'ya'yana duka. A nan kuma na ga abin da har yau in na tuna ƙirjina ke zafi.

Kowace shekara gardi ya kawo ɗan buhun nan, bai taɓa ƙaruwa ba. A ce faɗi, a kawo abin da bai isa ba. Maigidana ya tsinka shi da ruwa har ya zama kamar nonon da ruwa ya yi wa yawa, ya daddaka bakin kaba ya yi abin shafi, ya bi duwatsu yana ja musu ɗan siririn zane, bai fi tsagar da ke kumatunsa faɗi ba. In ya yi mai faɗi, rabin lanƙwasar ba zai samu ba. Ruwan farko ya sauko, ya fantsama jar ƙasa a kai, shi ke nan an koma jiya. Ni kuwa da aka sa mu kai ƙwai bariki a Dogon Dutsi, me na gani? Katanga fara, duwatsun da suka kewaye tuta fari har ƙasa, itatuwan tsakar gida ma an shafe musu gindi har ƙugu. Wace mota ce za ta hau itacen bariki? A barandar kumandan kuma ga zanena shimfiɗe a kan tebur, an jera masa kwalabe, da tabon jan abin shansu a tsakiya. Na ajiye ƙwai, guda biyu suka fashe, ban ba da haƙuri ba.

Maigidana ya roƙi ƙarin farar ƙasa, ya sake roƙo. Amsar da ta dawo ta bakin tafinta ita ce zanen ya isa, mai ido zai gani. Kumandan mai dariya ya koma ƙasarsu da zanena, wani ya zo, wani ya bi bayansa, amsa ba ta sake ba. Kamiyo kuwa sai ƙaruwa suke, cinikin gyaɗa ya buɗe. Da la'asar rana tana cikin idon duk mai gangarowa, ba ya ganin siririn zane ko da sabo ne. Motoci suka riƙa ƙuje duwatsu, wata ta rataye da ƙafa ɗaya a bakin rami sai da aka tara gari aka jawo ta, kuma duk sanda haka ta faru kantoniye ake kira bariki a zage shi.

Sai ya sayi farar riga. Duk sanda ya ji kukan kamiyo a kan tudu da la'asar, ya bar abin da yake yi, ya ruga bakin kwazazzabo, ya kama rigar da hannu biyu ya ware ta sama yana kaɗawa. Abin da aka yi mini dariyarsa, shi ya zama aikin mijina, ba mai dariya. Shofofi suka saba, suna rage gudu, suna jefo masa goro. Na ce masa ya daina, mutum ba dutse ba ne. Ya ce in mota ta faɗa da mutane a yankinsa, wa zai iya barci? Ku gaya mini, a wace ƙasa ake hana dutse fari a ce ɗan Adam ya tsaya a madadinsa?

Shekarar da abin ya faru ko ɗan buhun ba a kawo ba. Gwamna zai zo daga Yamai, farar ƙasa duk ta tafi bariki. Ƙarshen damina ne, an yi ruwa da azahar, rana ta fito da la'asar tana ƙyalli a kan jiƙaƙƙiyar hanya. Kamiyon ta gangaro da sabon shofer wanda bai san Gwiwa ba. Duwatsu ja, hanya ja, bakin rami ja. Rigar kaɗai ya gani, ya gan ta kuwa, amma a makare. Ya murɗa ya bi lanƙwasar, kan motar ya tsira, bayanta ya share inda maigidana ke tsaye. Mutanen da ke saman kaya duk sun sauka da ƙafarsu. Ko buhu ɗaya bai faɗi ba. Ina tsakar gida na ji ƙarar. Kafin in iso rai ya yi halinsa, ko ido bai buɗe ya gan ni ba. Allah ya jiƙansa, ya sa inda yake babu gangara.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga fursunoni da gardi da buhuna a kan jakuna. Gwamna ta nan zai bi. Suka shafe duwatsun Gwiwa ɗaya-ɗaya, ba zane ba, wanka suka yi musu gaba da baya, fari fat har ana hango su daga kan tudu. Ina zaune cikin takaba a bakin darni ina kallo. Ashe akwai farar ƙasa. Ashe sun san yadda ake yi. Muddin farin nan yana jiki ko ƙuje dutse mota ba ta yi ba, da ya wanke kuma aka koma ɗan buhu, aka naɗa wani bawan Allah.

In darasi ake so, ga abin da wautata ta koya mini. In ɗan aiken manya ya yi magana, ki sa shi ya maimaita, ko zai zage ki, kada kuma ki kai wa surukarki fassara. In kuwa mai mulki ya ɗaga bulala, wataƙila gara a bar ta ta sauka. Na tsaya a kan dutse ina murna na raba bayan mijina da dorina, ban san dariyar Nasara ta fi bulalarsa tsada ba. Da an zane shi ranar nan, da na gasa masa baya da ruwan zafi, ya warke, ya koma gonarsa. Ko kuwa da ba a naɗa shi ba, da wata motar ta tafi da mutane cikin ramin nan. Ka ga inda nake tsayawa kullum.

Akwai abin da na tsallake, da gangan, don in na faɗe shi ba na iya ƙara komai. Ranar da kamiyon ta same shi, da ruwa ya ɗauke, na ga rigar ta yi ja da laka, na ce farin da ba fari ba me zai tsare, na tsoma ta a ruwa. Ina cikin matsewa kukan kamiyo ya taso daga tudu. Ya fito daga ɗaki da sauri, ya miƙo hannu. Na riƙe, na ce jiƙaƙƙiya ce, ya bari wannan ɗaya dai ta wuce da kanta. Ya yi murmushi, ya ɓamɓare yatsuna daga jikin rigar a hankali, ruwa na ɗiga a ƙafarsa.

Ya ce, "Kawo ta haka nan, ɗiyar Dumega, ta bushe a hannuna. Kada ki kwashe tuwo sai na komo."